Darasi: Zazzaɓin Cizon Sauro a Arewacin Kamaru da Abin da Sabon Bincike Ya Gano

Girman cutar da lokacinta

Zazzaɓin cizon sauro, wanda ake kira maleriya, mutanen Garwa da Marwa kuma suka fi saninsa da sunan palu, yana sahun gaba cikin cututtukan da ke kwantar da yara a asibitocin arewacin Kamaru. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2023 an kamu da cutar kimanin sau miliyan 263 a faɗin duniya, mutum wajen 597,000 kuma suka rasu. Kashi 95 cikin 100 na waɗannan mace-macen a Afirka aka yi su, kuma kusan uku cikin kowane huɗu na mamatan Afirka yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Kamaru tana cikin ƙasashe 11 da cutar ta fi addaba, tare da Najeriya da Nijar. A watan Maris na 2024 ministocin lafiya na waɗannan ƙasashe suka taru a Yawunde, suka rattaba hannu a kan alkawarin rage mace-macen.

A kudancin Kamaru, inda ake shafe yawancin shekara ana ruwa, cutar ba ta da hutu. A arewa kuwa damina take bi. Ruwa kan sauka a Garwa daga wajen Mayu zuwa Oktoba, daminar Marwa kuma ta fi haka gajarta. Da zarar ruwa ya kwanta a kududdufai da ramukan da aka haƙi ƙasar gini, har ma da sawun kofaton shanu, macen sauro ta sami wurin zuba ƙwai. Saboda zafin yankin, cikin mako guda zuwa biyu ƙwan ya zama sauro mai tashi. Shi ya sa asibitoci ke cika da yara daga tsakiyar damina har zuwa kaka.

Akwai wuraren da ruwa ba ya ƙarewa ko da rani. Madatsar ruwa ta Lagdo, wadda aka kammala a 1982 a kan kogin Binuwai kudu maso gabas da Garwa, tana shayar da gonakin shinkafa na Gunugu. Haka tafkin Maga da gonakin shinkafar Yagwa suke a yankin Arewa Mai Nisa. A irin waɗannan wurare sauro yana daɗewa bayan ɗaukewar ruwa, zazzaɓin ma yana daɗewa tare da shi.

Yadda cutar ke aiki a jiki

Wata ƙwayar halitta ce mai suna Plasmodium ke haddasa cutar. Wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, shi ya fara ganinta a jinin majiyyaci a Aljeriya a 1880. A 1897 kuma Ronald Ross ya gano ta a cikin sauro a Indiya. Irin da ya fi yawa a Kamaru, wanda kuma ya fi kisa, shi ne Plasmodium falciparum.

Macen sauro ta jinsin Anopheles ce kaɗai ke yaɗa shi, domin ita ke buƙatar jini don ƙwanta ya nuna. Idan wadda ke ɗauke da cutar ta ciji mutum, ƙwayoyin cutar suna bin yawunta su shiga jini, su wuce kai tsaye zuwa hanta. A nan suke yin kamar mako guda suna hayayyafa, mutum bai san abin da ake ciki ba. Daga hanta sai su kwararo cikin jini, su shige jajayen ƙwayoyin jini, su ci abin da ke ciki, su fasa su, su kama wasu. Wannan fashewar da ke maimaituwa kusan kowane kwana biyu ita ke kawo zafin jiki da rawar ɗari da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi. Idan aka yi sakaci, jinin yaro yana ƙarewa, ko kuma ƙwayoyin da suka kamu su toshe ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa, yaro ya shiga jijjiga ko ya suma.

Babban mutum da ya tashi a yankin ya sha kamuwa, jikinsa ya sami ɗan kariya, don haka cutar ba ta cika kayar da shi ƙasa warwas ba. Ƙaramin yaro bai sami wannan kariyar ba tukuna, mai juna biyu kuma tata tana raguwa. Waɗannan biyun ne bincike ya fi mayar da hankali a kansu.

Sanin wannan zagaye shi ke nuna wuraren da za a iya tare cutar. Ana iya hana sauro cizo, ana iya tare ƙwayar kafin ta isa hanta, ana iya kashe ta a cikin jini kafin ta yi ƙarfi. Kowace hanyar kariya da za a ambata a ƙasa tana aiki ne a ɗaya daga waɗannan wurare uku.

Yadda ake karanta alƙaluman bincike

Kafin a amince da sabon magani ko allura, masu bincike suna raba mutane rukuni biyu ta hanyar ƙuri'a. Rukuni ɗaya a ba shi sabon abin, ɗayan a ba shi abin da aka saba ko wani abu dabam. Sai a bi su wata da watanni ana ƙirga waɗanda suka kamu. Ƙuri'ar tana hana a tara masu ƙarfi a gefe guda, raunana a ɗaya gefen.

A ɗauka misali cewa a rukunin da ba a yi wa allura ba an sami zazzaɓi sau 100, a rukunin da aka yi wa kuma sau 60. Sai a ce allurar ta rage cutar da kashi 40 cikin 100. Ma'anar wannan ita ce har yanzu wasu daga cikin waɗanda aka yi wa allurar za su kamu. Ganin yaro ɗaya da aka yi wa allura ya yi zazzaɓi bai isa hujjar cewa allurar ba ta aiki ba. Amfaninta yana bayyana ne idan aka dubi unguwa ko gari gaba ɗaya.

Sauron da ya daina jin magani

Gidan sauro mai magani ya yi aiki ƙwarai. Wani babban nazari da aka buga a 2015 ya ƙiyasta cewa tsakanin 2000 da 2015 an kauce wa kamuwa da cutar kimanin sau miliyan 663 a Afirka, kuma kashi 68 cikin 100 na wannan nasara gidan sauro ne ya kawo ta. Kamaru ta yi babban rabon gidan sauro kyauta na ƙasa baki ɗaya a 2011, ta kuma ci gaba da maimaita shi.

Sai dai shekara da shekaru iri ɗaya ne na maganin ƙwari ake sa wa gidajen sauron duka, wato dangin firetroid, irin su deltametirin da fermetirin. A cikin dubban sauro ba a rasa 'yan kaɗan da halittarsu ke jure gubar. Maganin yana kashe saura, masu juriyar su rayu su haihu, 'ya'yansu su gaji juriyar. A kwana a tashi sai yawancin sauron yankin ya zama mai juriya.

Arewacin Kamaru yana cikin wuraren da aka bi diddigin wannan al'amari sosai. Yankin ƙasar auduga ce, kamfanin SODECOTON ma a Garwa hedkwatarsa take, kuma manoma suna fesa wa auduga maganin ƙwari sau da yawa cikin damina. Ruwan sama yana wanke ragowar maganin zuwa kududdufan da tsutsar sauro ke girma. Binciken da aka buga a 2008 a kan sauron yankin auduga na arewacin Kamaru ya nuna cewa jin magani yana raguwa a lokacin da ake feshin gonaki. Bayan haka, tsakanin 2011 da 2015, masu bincike na Kamaru, cikinsu har da Farfesa Josiane Etang, suka bi gundumomin lafiya na Garwa da Pitowa da Mayo Ulo, suka ga juriya ga deltametirin tana yaɗuwa, har ta kai ga rage ƙarfin gidan sauro a wasu wurare. A Gunugu kuma, wani bincike na 2016 da ƙungiyar Farfesa Charles Wondji ta yi ya gano cewa sauron Anopheles funestus yana jure magunguna fiye da iri ɗaya, kuma babban dalili shi ne wasu sinadarai a jikinsa da ke narkar da gubar kafin ta kashe shi.

Gwajin da ake gane juriyar sauro da shi ba shi da wuyar fahimta. Mai bincike yana zuwa bakin kududdufi da ludayi mai dogon hannu, ya ɗebo tsutsotsin sauro, ya kai su ɗakin bincike ya rene su har su fashe. Sai a zaɓi mata 'yan kwana 3 zuwa 5, a zuba 20 zuwa 25 a cikin wani bututun roba da aka shimfiɗa wa takarda mai magani. Bayan awa guda a mayar da su bututu mai tsabta, a ɗora musu audugar da aka jiƙa da ruwan sukari, a jira awa 24, sannan a ƙirga matattu. Idan kashi 98 cikin 100 ko fiye suka mutu, maganin yana aiki. Idan waɗanda suka mutu ba su kai kashi 90 ba, an tabbatar da juriya.

Binciken yankin ya ƙara nuna wani abu. Sauron da ya yi yawa a arewa, Anopheles arabiensis, yana cizon mutum yana cizon dabba, kuma ba ya ƙin cizo a waje. A 2017 kuma aka ba da rahoton samun ƙwayar cutar a jikin Anopheles rufipes a yankin Garwa, sauron da a da ba a ɗauke shi da muhimmanci ba. Haɗarin cizon waje yana da nasaba da al'adar hira da kwana a tsakar gida lokacin zafi. Wanda zai kwana a waje yana buƙatar ɗaura gidan sauro kamar wanda ke cikin ɗaki.

Sabon gidan sauro

Amsar da masu bincike suka samo ita ce a haɗa abu biyu a zaren gidan sauro ɗaya. Nau'i na farko yana ɗauke da wani sinadari mai suna PBO, wanda ke kashe kaifin sinadaran da sauro ke narkar da guba da su, sai tsohon maganin ya dawo yana kisa. Nau'i na biyu yana ɗauke da sabon magani, kulorfenafir, wanda ke hana jikin sauro samar da kuzari, ya mutu a hankali. An gwada wannan nau'i na biyu a ƙauyukan Tanzaniya da na Jamhuriyar Benin. A Tanzaniya ya rage kamuwar yara da kashi 44 cikin 100 a tsawon shekara biyu idan aka kwatanta da tsohon gidan sauro, a Benin kuma da kashi 46. A watan Maris na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fifita shi a wuraren da sauro ya daina jin firetroid.

Ko da tsohon gidan sauro ne a hannu, yana nan a matsayin shamaki tsakanin mai barci da sauro muddin ba shi da huji. Sabo ana shanya shi a inuwa yini guda kafin a ɗaura. Ana wanke shi da sabulu mara kaifi, a shanya a inuwa domin rana tana lalata maganin, a ɗinke duk inda ya yage, a kuma cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma. Ƙarfin maganinsa yakan kai kimanin shekara uku.

Maganin damina na yara

Tun da cutar a arewa tana taruwa cikin 'yan watanni, masu bincike suka yi tunanin a riƙa ba yara magani tun kafin su kamu, a cikin waɗannan watannin kaɗai. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashen Sahel, irin su Senegal da Mali da Burkina Faso, sun nuna cewa hakan yana rage zazzaɓin da kimanin kashi 75 cikin 100. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Kamaru ta fara shi a 2016 a yankunan Arewa da Arewa Mai Nisa, ma'aikatan lafiya kuma suna kiransa CPS.

Ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sau ɗaya a wata cikin damina, galibi daga Yuli zuwa Oktoba. Ma'aikatan sa-kai suna bin gida-gida. Su tambayi shekarun yaro, su tambaya ko yana da zazzaɓi ko ya taɓa samun matsala da irin maganin. Idan lafiyarsa ƙalau, a narkar da ƙwayoyi biyu a ɗan ruwa cikin cokali ko ƙaramin kofi, ɗaya sulfadoksin-firimetamin, ɗaya amodiyakin, a ba shi a gaban ma'aikacin. Idan ya yi amai cikin rabin awa, a sake ba shi. Sai a bar wa uwa ƙwayoyin amodiyakin biyu, ta ba shi ɗaya washegari, ɗaya jibi, a kuma cike kati. Yaron da aka tarar da zazzaɓi ba a ba shi wannan, asibiti ake tura shi a yi masa gwaji.

Kariyar kowane zagaye tana ɗaukar kimanin mako huɗu, daga nan ta fara sanyi. Saboda haka yaron da ya tsallake wata guda ya zauna a buɗe a wannan watan. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin ƙwayoyin rana ta biyu da ta uku saboda ɗacinsu, ko ajiye su don ranar da yaro zai yi ciwo, ko raba su da wansa. Duk wannan yana rage kariyar, yana kuma ba ƙwayar cutar damar sabawa da maganin.

Masu juna biyu ma suna da nasu. A wurin awo ana ba su sulfadoksin-firimetamin daga wata na huɗu, da tazarar wata guda tsakanin kowane sha, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Yana rage ƙarancin jini ga uwa, yana rage haihuwar jariri mara nauyi.

Allurar rigakafi

An daɗe ana neman allurar rigakafin wannan cuta ba a dace ba, domin ƙwayarta ta fi ta ƙyanda ko ta shan-inna sarƙaƙiya, tana sauya kama daga hanta zuwa jini. Allura ta farko da ta yi nasara ita ce RTS,S ta kamfanin GSK, wadda aka fara aikinta tun 1987. Tana koya wa jiki gane ƙwayar a daidai lokacin da sauro ya zuba ta, don a tare ta kafin ta kafu a hanta.

Tsakanin 2009 da 2014 aka gwada ta a kan yara sama da 15,000 a ƙasashen Afirka 7. Ga yaran da aka fara yi wa suna da wata 5 zuwa 17, ta rage zazzaɓin da kusan rabi a shekarar farko, da kuma kashi 36 cikin 100 a tsawon kimanin shekara huɗu ga waɗanda suka karɓi allurai huɗu. Daga 2019 aka shigar da ita asibitocin wasu sassan Ghana da Kenya da Malawi don a ga aikinta a rayuwar yau da kullum. Yara sama da miliyan 2 suka karɓa. Sakamakon ya nuna mace-macen yaran da suka kai shekarun karɓarta sun ragu da kashi 13 cikin 100, kwanciya asibiti saboda zazzaɓi mai tsanani kuma ta ragu da kashi 22. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a watan Oktoba na 2021.

Bayan ƙasashen gwajin uku, Kamaru ce ta fara shigar da allurar cikin jerin rigakafin yara na yau da kullum. Kashin farko, allurai 331,200, ya sauka Yawunde a watan Nuwamba na 2023. A ranar 22 ga Janairu 2024 aka ƙaddamar da ita a garin Sowa kusa da Yawunde, a ƙarƙashin ministan lafiya Manaouda Malachie, aka fara da gundumomin lafiya 42 da cutar ta fi tsanani a cikinsu. Kyauta ake yin ta. Yaro yana karɓar ta farko yana wata 6, ta biyu a wata 7, ta uku a wata 9, ta huɗu kuma idan ya cika shekara 2. Ta huɗun ce aka fi mantawa saboda nisan da ke tsakaninta da ta uku, alhali ita ke tsawaita kariyar da ta fara raguwa. Bayan allura yaro kan yi ɗan zazzaɓi ko wurin ya kumbura na kwana ɗaya ko biyu. Idan zafin jikin ya yi yawa ko yaro ya yi jijjiga, asibiti ake kai shi.

Allura ta biyu, R21, Jami'ar Oxford ce ta ƙirƙiro ta, kamfanin Serum Institute na Indiya ke sarrafa ta. A gwajin da aka yi wa yara 4,800 a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya, ta rage zazzaɓin da kashi 75 cikin 100 a shekara guda a wuraren da cutar ke bin damina, inda aka yi allurar daf da faɗuwar ruwa. An amince da ita a watan Oktoba na 2023, kuma ita Najeriya ta fara yi a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disamba 2024. Ba a taɓa gwada alluran biyu kafaɗa da kafaɗa a bincike ɗaya ba, don haka Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta fifita ɗaya a kan ɗaya ba.

Idan aka haɗa hanyoyin

Binciken da ya fi dacewa da yanayin Garwa da Marwa an yi shi ne a Hunde ta Burkina Faso da Buguni ta Mali, wurare masu gajeriyar damina kamar arewacin Kamaru. An raba yara kusan 6,000 kashi uku: masu shan maganin damina kaɗai, masu allura kaɗai wadda ake yi kafin damina, da masu samun duka biyun. Sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna cewa, idan aka kwatanta da masu shan maganin damina kaɗai, yaran da suka sami duka biyun zazzaɓinsu ya ragu da kimanin kashi 63 cikin 100, kwanciya asibiti saboda mai tsanani ta ragu da kimanin kashi 70, mutuwa sanadiyyar cutar kuma da kimanin kashi 73. Duk yaran an ba su gidan sauro.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gidan sauro yana rage yawan cizo, allura tana tare wasu daga ƙwayoyin da suka shiga, maganin damina yana kashe waɗanda suka tsallake zuwa jini. Uwar da ta kai ɗanta allura ba za ta naɗe gidan sauro ba, ba kuma za ta mayar da masu rabon maganin damina daga ƙofar gida ba.

Gwaji da magani idan an kamu

Ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba. Taifot da ciwon huhu da ƙyanda, da sanƙarau a lokacin rani, duk suna zuwa da zafin jiki. Shi ya sa ake gwaji kafin magani. Ana huda yatsa, a ɗiga jini a ramin wani ɗan faifan roba, a ƙara ruwan gwaji, a jira minti 15 zuwa 20. Layi ɗaya yana nufin ba a ga cutar ba, layi biyu yana nufin tana nan.

Maganin da ake bayarwa yanzu haɗi ne da ya ƙunshi artemisinin, sinadarin da ƙungiyar Tu Youyou ta fitar daga wani ganye a China a farkon shekarun 1970, aikin da ya kai ta ga lambar Nobel a 2015. A yankunan da ake rabon maganin damina, artemeta-lumefantirin aka fi ba yara, saboda kada a maimaita musu amodiyakin. Ana shan sa safe da yamma har kwana uku, tare da abinci mai maiƙo ko nono, kuma ana shanye shi duka ko da jiki ya yi sanyi tun rana ta farko.

Alamomin haɗari su ne jijjiga, suma ko barcin da ba a iya ta da yaro, kasa sha ko kama nono, amayar da duk abin da aka ba shi, numfashi da ƙyar, fitsari mai duhu, da farin tafin hannu ko cikin ido. Yaron da ya nuna ɗaya daga cikinsu asibiti ake garzayawa da shi a wannan sa'a. A can allurar artesunat ake yi masa. Wani gwaji da aka buga a 2010, wanda ya ƙunshi yaran Afirka sama da 5,000, ya nuna ta rage mutuwa da kashi 22.5 cikin 100 idan aka kwatanta da tsohon maganin kinin. A dokar Kamaru, maganin zazzaɓin cizon sauro kyauta ne ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 a asibitocin gwamnati, mai sauƙi tun 2011, mai tsanani tun 2014.

Abubuwan da masu bincike ke sa wa ido

Abu na farko shi ne juriyar ƙwayar cutar kanta. An tabbatar da cewa ta fara jinkirin mutuwa a gaban artemisinin a Ruwanda da Uganda da Eritiriya da Tanzaniya. Irin wannan juriya ce ta kashe amfanin maganin kulorokin a Afirka a shekarun baya. Shan rabin magani da sayen na talla wanda ba a san ingancinsa ba suna gaggauta ta.

Na biyu shi ne baƙon sauro daga Asiya, Anopheles stephensi, wanda aka fara gani a Jibuti a 2012, aka kuma same shi a jihar Gombe ta Najeriya a 2020. Yana hayayyafa a tankuna da durom da randunan da aka bari a buɗe, don haka ba ya jiran damina, kuma birni ya fi so. Rufe mazubin ruwa shi ne matakin farko a kansa.

Na uku sababbin hanyoyi ne da ke tafe. A Mali an gwada allurar da ke ɗauke da garkuwar jiki da aka riga aka haɗa a ɗakin bincike, wadda sau ɗaya ake yi ta ba da kariya ta kimanin wata shida, tsawon damina guda ke nan. Har yanzu tana matakin gwaji. A watan Yuli na 2025 kuma hukumar magunguna ta Switzerland ta amince da maganin zazzaɓin cizon sauro na farko da aka auna musamman don jarirai masu nauyin kilo 2 zuwa 5, waɗanda a da sai dai a gutsura musu na manyan yara.

Tambayoyin bita

1. Me ya sa zazzaɓin cizon sauro ke ƙaruwa a arewacin Kamaru daga tsakiyar damina zuwa kaka, kuma me ya sa yake daɗewa a wurare irin su Gunugu da Maga?
2. Mene ne ma'anar a ce allura ta rage cuta da kashi 40 cikin 100?
3. Ta yaya feshin gonakin auduga ke shafar aikin gidan sauro?
4. A bayyana yadda ake ba yaro maganin damina daga rana ta farko zuwa ta uku.
5. A waɗanne watanni ne yaro ke karɓar allurar rigakafin cutar a Kamaru?
6. Me binciken Hunde da Buguni ya nuna game da haɗa allura da maganin damina?
7. A lissafa alamomi biyar da ke nuna dole a kai yaro asibiti nan take.